Sharhin da Ya Jiƙa Kaudar Gari

Ranar da Badamasi ya sauka daga motar Kano da takardar kammala kwas ɗin kwamfuta na wata uku, bai bari ƙafarsa ta huta ba sai da duk Kanyar Malam ta ji cewa gari ya yi Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa tun a tashar Kura, kuma duk wanda ya kira shi Badamasi zalla sai ya yi kamar ba da shi ake ba. Ɗan gidan malamai ne gaba da baya. An gwada shi da koyarwa a makarantar mahaifinsa, ya yi sati uku yana yi wa ɗalibai bayanin bangon littafi bai buɗe shafin farko ba. An gwada shi a gona, ya ce rana ba ta jituwa da masu aikin ƙwaƙwalwa. Yanzu kuwa ya dawo da farin takalmi da biro uku a aljihun gaba, idonsa kuma na kan abu ɗaya tak, makullin ofishin ƙungiyar manoman rani.

Ofishin nan ɗaki ɗaya ne a bakin kanal, da benci biyu da janareta mai tari. A cikinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta da wani shirin tallafa wa manoma ya ajiye musu. Aikinta guda ne: duk Asabar ta buga takardar rabon ruwa, ta faɗi ranar da za a buɗe wa kowane reshe cikin rassa shida da suka ɓalle daga babban kanal. Wata 'yar hidimar ƙasa mai suna Nafisat ce ta rubuta mata ɗan jerin umarnin da take bi, abin da masu harkar ke kira sikirif, kafin ta gama shekararta ta koma Zariya. Tun daga nan Malam Isiyaku sakatare, wanda ya yi shekara tara da makullin a aljihu, shi ke kunna ta. Yakan yi bisimilla, ya danna abin da aka nuna masa, ya ja da baya taku biyu har takarda ta fito.

Badamasi ya je gaban shugaban ƙungiya, Alhaji Dattijo, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya shiga bayani. Ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ya ce barin kwamfuta a hannun Malam Isiyaku kamar ba makaho madubi ne, ya ce a ba shi dama gari zai ga aiki. Alhaji ya saurare shi har shayinsa ya huce. Saboda kunyar mahaifin Badamasi ya amince a ba shi makullin na sati shida, zuwa ranar babban taro a tsakiyar Maris. Ranar manoma za su faɗi wanda suke so. In sun ce shi, kujerar sakatare ta zama tasa. In ba su ce ba, makulli ya koma inda ya fito. Badamasi bai tsaya nan ba, sai da ya ɗora da rantsuwar da ba wanda ya nema, cewa in makullin nan ya bar hannunsa kada a ƙara kiransa Injiniya har abada. Mutum goma sha biyu ne a zauren, kuma ba wanda ya manta.

Washegari ya buɗe ofis da hantsi, 'yan kallo suka cika taga. Ya kira sikirif ɗin Nafisat a fuskar kwamfuta, ya duba, sai ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Layi goma sha huɗu kacal! A cikinsu biyu ne kawai ke da wata alama a gaba mai kama da gidan dara. Ya juya ya yi wa 'yan taga bayani cewa duk layin da aka sa wa gidan dara, kwamfuta ba ta karanta shi, tsallake shi take yi, don mutum aka rubuta shi, ya san abin da ake ciki. Wannan ɗin gaskiya ya faɗa, a ba shi haƙƙinsa. Amma sai ya ce a ina aka taɓa ganin littafin kirki da sharhi layi biyu? A gidansu akwai littafin da matanin bai fi tafin hannu ba, amma sharhinsa sai jaki ya ɗauka, a gefen sharhin kuma ga hashiya, wato sharhin sharhi. Wannan na yarinyar nan rubutun ganda ne.

Yana maganar fuskarsa na wajen taga, hannunsa na kan madannai, ya goge layukan nan biyu bai ko karanta su ba. To tunda shi bai karanta ba, bari ni in faɗa muku abin da na biyun ya ce, don zai yi mana amfani. Cewa ya yi: reshe na huɗu a rufe Maris da Afrilu, mata na shanya kauda a gonakinsa. Iyakarsa ke nan. Kauda dai ita ce tumatirin da ake yankawa a busar lokacin da ya yi yawa ya rasa mai saye, a adana shi sai damina ta kankama an rasa ɗanye. Da an girbe alkamar reshe na huɗu, gonakin sai su zama fili, a fasa bakin fangulan da ke tare ruwa, matan gari su share su baza shanyarsu. Duk wanda ya taɓa taka bakin ruwa ya san haka. Badamasi kuwa a cikin miya kaɗai ya san kauda, rassan ma da lamba ya san su, bai san ina kowanne ya dosa ba.

Sai ya zage damtse ya shiga sharhi. Layin da ke buga kwanan wata ya samu sharhi layi ashirin, an faɗi cewa kwanan wata yake bugawa, an faɗi mene ne kwana, an faɗi mene ne wata, an bambanta na sama da na bature. Layin da ke tsallake reshe na huɗu kuwa, ga abin da ya ɗora masa a ka, kowane layi da gidan dararsa:

«Wannan layi mai zuwa, ya kai mai karatu, layi ne da ke tsallake reshe na huɗu. Ma'anar tsallakewa ita ce a wuce abu ba tare da an taɓa shi ba. Reshe na huɗu kuwa shi ne wanda ke bin na uku, ya kuma gabaci na biyar. Mai son ƙarin bayani a kan na biyar ya duba gaba.»

Kafin Juma'a layi goma sha huɗu sun zama ɗari huɗu da sittin. Umarnin na ainihi suna nan warwatse a ciki kamar tsoka a miyar gidan yawa, sai an tona. Da ya ga abin ya yi kyau sai tausayin al'umma ya kama shi, ya ce ilimi irin wannan bai kamata ya tsaya a cikin akwati ba. Ya sayo babban littafi mai bango baƙi ya kwafe komai a ciki da hannu. Ya sayo fenti ya zana jadawalin da taƙaitaccen sharhinsa a bangon ofis, taƙaitawar ta ci bango ta zagaya har bayan ɗaki. Malam Isiyaku ya zo wucewa a kan kekensa, ya tsaya ya tambaya, in wani abu ya sauya fa, wanne za a gyara? Badamasi ya ce duka mana, ai shi ya sa ake neman mai ilimi a kujerar.

Asabar ta farko manoma suka hallara karɓar takarda. Badamasi ya ce ba za a ba mutum jadawali bai fahimci tushensa ba, don haka sharhin zai fara bugawa. Na'urar bugawa ta kama kuka, ƙiiii, ƙiiii, takarda na fita tana naɗewa a ƙasa. Aka yi azahar aka dawo tana nan tana kuka. A shafi na talatin da bakwai takarda ta ƙare, tawada ta dushe, janareta ya yi tarinsa na ƙarshe ya yi shiru, ba a kai ga jadawalin ba. Sai da aka aika Bunkure neman mai, sannan Injiniya ya leƙo ta taga yana karanto wa mutane ranakunsu da baki daga fuskar kwamfuta, yana haɗawa da bayani. Wani manomi mai suna Baballe, mutum mai gajeren haƙuri, ya ce shi ranar kawai yake so. Badamasi ya ce irin wannan gaggawar ce ta hana ƙasar nan ci gaba. Shafuka talatin da bakwai ɗin dai ba su yi asara ba, sati guda duk wanda ya sayi awara a bakin kanal a cikin ma'anar kwanan wata aka ƙunshe masa.

Ana cikin sati na uku sai saƙo ya zo daga masu kula da babban kanal cewa za a riƙa rufe ruwa duk Talata don cire ciyawa, saboda haka masu Talata su koma Laraba, masu Laraba su matsa Alhamis. A da Malam Isiyaku kalma biyu zai sauya, yadda Nafisat ta nuna masa, shi ke nan. Badamasi ya ƙirga wuraren da ya ambaci Talata a sharhinsa ya samu ashirin da uku. Ya gyara su ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja. Ya fita ya goge bango ya sake fentin. Ya ɗauko baƙin littafi ya gyara rabi, aka kira la'asar, ya ajiye da niyyar dawowa. Abu ɗaya ne ya ɓace masa a cikin dajin rubutun nan, shi ne layin da kwamfutar ke karantawa.

Sakamakon bai yi nisa ba. Malam Uba mai buɗe ƙofofin ruwa, wanda ba ya bin komai sai takardar da kwamfuta ta buga, ya tafi ranar Talata ya murɗa ƙofar reshe na biyu a kan busasshen kanal, ya zauna yana jiran ruwa har rana ta take. Ranar Laraba kuwa Baballe na reshe na biyu ya iso da fartanyarsa, don bango ya ce yau tasu ce. Hashimu na reshe na uku ma ya iso da tasa, don ya leƙa baƙin littafi ya ga Laraba tasu ce tun fil azal. Ga dashen tumatir na jiran ruwa a gonar kowa. Aka fara da ƙaryarka, aka kai ga cin kwala, Malam Uba na tsaye da takarda yana cewa shi a wajensa ma duk su biyun ba yadda suka faɗa ba ne. Haka suka jero su uku zuwa ofis, jama'a na bin su.

Badamasi ya saurare su yana kaɗa ƙafa. Da suka gama ya ce babu wanda ya yi kuskure a cikin rubuce-rubucen, saɓanin ruwaya ne kawai, kuma ko a manyan littattafai ana samu.

Baballe ya ce, «Tumatirina ruwa yake so, Injiniya, ba ruwaya ba.»

Hashimu ya tambaya wanne ne gaskiya a cikin ukun. Badamasi ya ce kowanne da fuskarsa, kuma gobe zai fitar da takarda ta musamman mai bayanin bambancin da ke tsakaninsu. Ya kuwa fitar, shafi shida, sai ga shi a cikinta ya kawo wata rana ta huɗu da ba ta cikin ko ɗaya. Malam Uba ya ce shi dai a gaya masa wadda zai bi. Nan Badamasi ya samu wanda zai sauke wa haushinsa. Ya ce a gaban mutane duk rikicin nan yawan tambayar Malam Uba ne ya jawo shi, aikin mai ƙofa murɗawa ne, tunani na ofis ne. Malam Uba ya haɗiye maganar, ya naɗe takardarsa ya sa a hula, ya ce to Allah ya ba da haƙuri.

Da yamma Alhaji Dattijo ya aika aka kira shi. Bai yi faɗa ba, ya dai ce masa taro saura sati biyu da 'yan kwanaki, kuma sunan Malam Isiyaku ya fara dawowa bakin mutane. Wannan magana ta tsaya wa Badamasi a rai. Ya san in ya shiga taron nan hannu rabbana, makulli ya tafi, Injiniya ta tafi, sai ya koma Badamasin da ya kasa koyarwa ya kasa noma. Tsoro ya kama shi sosai, har abincin gidansu ya daina yi masa daɗi. Abin da yake buƙata shi ne wani babban abu da zai tona, wanda zai sa a manta da Talata da Laraba.

Sai Maris ta kama, takardar Asabar ta fito, ya duba ya ga rassa biyar. Na huɗu babu. Ya sake bugawa, babu. Ya shiga sikirif yana tono har ya iso layin, ya karanta sharhin kansa daga sama har ƙasa da murya, yana gyaɗa kai saboda daɗin Hausar. Sharhin ya gaya masa ana tsallake reshe na huɗu, ya gaya masa ma'anar tsallakewa, ya gaya masa maƙwabtan na huɗu gaba da baya. Dalili kuwa babu. Ya duba baƙin littafi, haka. Ya zagaya bayan ɗaki ya duba bango, haka. Shaidu uku sun haɗu a kan babu dalili, in ji shi, to me ya rage? Zalunci ne. An yi shekaru ana danne wa bayin Allah na reshe na huɗu ruwan wata biyu, sakatare na zaune yana danna maɓalli yana ja da baya, su kuma talakawa tsoro ya hana su magana. Daɗi ya kama shi har ya taka rawa shi kaɗai a ofis.

Ya cire layin tsallakewar. Ya sa wa reshe na huɗu ranar Alhamis ɗin taro, tun daga asuba, don ruwan ya zama shaidarsa. Ya ƙara a littafi, ya ƙara a bango can ƙasa ta bayan ɗaki inda fili ya rage, wurin da awaki kaɗai ke zuwa. Bai gaya wa kowa ba, don kada Malam Isiyaku ya ji ya shirya kare kansa.

Malam Uba ne kaɗai ya gani, da ya karɓi takardarsa. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta. Ya san ba a son tambayarsa, amma abin ya fi ƙarfin shiru.

«Injiniya, na huɗun nan fa. An sanar da mutanen wurin?»

«A wuri uku aka rubuta, Malam Uba. Ko so kake in yi shela da kalangu?»

Malam Uba ya ɗauka ke nan mata sun ji sun kwashe kayansu, ƙila an sama musu wani fili. Ƙofar na huɗu kuwa tana can sama, tafiyar kusan rabin awa daga gonakin. Ya sa takarda a hula ya tafi.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a gaban ofis, manoma suka cika wuri har kan gadar kanal. Badamasi ya sha wankakkiyar shadda, takalmi ya sha farin alli, makulli na lilo a yatsa. Da aka ba shi dama ya miƙe da baƙin littafi a hammata. Ya fara da tarihin ruwa tun daga madatsar Tiga, ya biyo da shi gari gari. Alhaji Dattijo ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya iso inda za shi. Sai ya sauke murya, ya ce yana da labari mai ɗaci. Ya ce a garin nan akwai waɗanda aka hana haƙƙinsu shekara da shekaru, ba zai kama suna ba, amma wanda ya riƙe makulli kafin shi ya san kansa. Ya ce shi da iliminsa ya gano, shi da hannunsa ya gyara, kuma a wannan sa'a da yake magana ruwa na kwarara a reshe na huɗu a watan Maris, karon farko a tarihi.

Ya tsaya jiran tafi. Wurin ya yi tsit. Ya ga mutane na kallon juna, ya ga Malam Isiyaku ya dafe kai, ya ga Malam Uba ya miƙe a hankali yana salati. Shi a zatonsa girman abin ne ya ɗaure musu baki, har ya buɗe littafi zai karanto sharhin.

Baballe ne ya fara nuna lambatun da ke bi ta gefen ofis, wanda ke kwashe rarar ruwan gonaki. Ruwan cikinsa ya zo ja wur, da kauri, yana tafe da yankakken tumatir bila adadin, wani na juyi wani na nutso. Ƙamshi ya bugi hancin kowa. Hashimu ya ce da za a samu daddawa da gishiri da gari ya huta da cefane. Ba a gama dariyar ba aka hango su tafe a kan gaɓar kanal, mata sun fi talatin, zannuwa a jiƙe har gwiwa, kowace da kwando ko faranti cike da jan caɓi. A gabansu Gwaggo Asta ce, shugabar masu kauda, yayar mahaifin Badamasi uwa ɗaya uba ɗaya, da wuƙar yankan tumatir a hannu.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta gaida Alhaji, ta gaida jama'a, ta sauke kwandonta a tsakiyar tabarma dab da farin takalmi. Ta ce sati biyu suna yanka tun daga hantsi har yatsunsu suka tsage, saura kwana biyu su kwashe, yau suka iske gonaki sun zama tafki. Ta ce a cikin matan nan akwai waɗanda wannan shanyar ce abincin damunarsu. Ba ta zo rigima ba, so take kawai a nuna mata mai hannu a ciki.

Ba wanda ya nuna. Kawai dai duk wanda ke kusa da Badamasi ya matsa, sai ga shi tsaye shi kaɗai da littafi.

Ya ce, «Gwaggo, ai an rubuta. Yana nan a bango.»

«Wane bangon?»

«Ta baya, daga ƙasa.»

«To awaki sun karanta, sun gode.»

Ya juya wajen Alhaji ya ce laifin na yarinyar nan ne da ta tafi ba ta bar dalili ba, ga sharhi nan kowa ya duba, babu inda aka ambaci shanya. Alhaji ya ce ya karanto a ji. Ya karanto. Da ya zo wajen ma'anar tsallakewa wasu suka fara tari, da ya kai cewa na huɗu shi ke bin na uku sai wurin ya ɓarke, har matan da ke cikin baƙin ciki sai da suka rufe baki da mayafi. Alhaji ya tambayi Malam Isiyaku ko haka abin yake tun asali. Malam Isiyaku ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma akwai ɗan layi guda a wurin da yake gani duk Asabar, gajere ne har ya zauna masa a ka. Ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Alhaji ya tambaya ina layin yake yanzu. Mutum shida daga cikin 'yan tagar ranar farko suka ba da amsa tare, cewa Badamasi ya goge shi.

Ba a ma yi wahalar ɗaga hannu ba. Alhaji Dattijo ya ce Malam Isiyaku zai kira Nafisat a Zariya a maido da abin yadda yake, layi goma sha huɗunsa, a shafe bango da farar ƙasa, baƙin littafi kuma mai shi ya tafi da abinsa. Ƙungiya za ta tara wa mata tumatir daga kowane reshe, tunda har yanzu yana zube a gonaki. Sannan ya dubi Badamasi ya nuna masa Malam Isiyaku da hannu.

Badamasi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya taka a hankali, takalmi na ɗiga ja, ya zare makullin daga yatsa. Ya riƙe shi ɗan lokaci fiye da yadda ya kamata. Da zai saki sai hali ya motsa.

«Hagu ake murɗa shi, Malam, sau biyu, domin shi kwaɗon...»

«Shekara tara ina murɗa shi, Badamasi.»

Sunan ya faɗo a tsakiyar taro ba ado ba rakiya, kuma kowa ya ji. Ya waiga ko akwai wanda zai gyara wa Malam Isiyaku, babu. Gwaggo Asta ce kaɗai ke dubansa, ta juya wuƙar nan ta miƙo masa ta wajen ƙota. Ta ce tumatirin da za a tara ba zai yanka kansa ba, kuma yatsun matan nan sun gama nasu. Gobe da hantsi ya same su a filin, ya zo da tsohuwar riga.

Ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya duba kaifin. Ya ce a gaskiya akwai hanyoyi uku na yankan tumatir da ya kamata a fara fahimta.

Gwaggo Asta ta ce, «Biyu ake raba shi.» Ta ɗauki kwandonta ta yi gaba.